Uwar Kalma da 'Ya'yanta: Sharhi a Kan Masu Auna Hausa da Mudun Ingilishi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan'uwanmu ɗalibai, musamman masu karatun Ingilishi da na kimiyya, har ma da wasu daga cikinmu 'yan sashen Hausa idan gardama ta yi zafi. Maganar kuwa ita ce wai Hausa matalauciya ce, domin ba ta da kalma guda da za ta tsaya a madadin "furniture" ko "vehicle" ko "vegetable". Da zarar an faɗi haka sai ka ga ɗan Hausa ya harzuƙa, ya shiga lissafo sunayen dawaki da na riguna, wai shi ma ya rama. Ni a ganina duk ɓangarorin biyu sun saki reshe sun kama ganye. Abin da nake so in duba a wannan ɗan sharhi shi ne yadda Ingilishi ya jera kalmominsa daga gamammu zuwa keɓaɓɓu, da yadda Hausa ta jera nata, sannan in faɗi inda nake ganin masu fassara da masu ƙamus suna yi mana ɓarna.

Bari mu fara da ainihin abin da ake magana a kai. Wasu kalmomi iyaye ne, wasu kuma 'ya'yansu ne. "Dabba" uwa ce, "rago" da "jaki" da "kura" 'ya'yanta ne. Ana gane wannan dangantaka da gwaji mai sauƙi. In na ce na sayi rago, to lalle na sayi dabba. Amma in na ce na sayi dabba, ba wanda zai iya rantsewa rago na saya, wataƙila akuya ce. Idan kuma aka kore maganar sai abin ya juya, wanda bai sayi dabba ba, babu shakka bai sayi rago ba. Wannan ya bambanta da dangantakar abu da sashensa, domin hannun riga ba wani irin riga ba ne. Haka kuma kada suna ya ruɗe mu: karen mota ba ya haushi, kamar yadda "hot dog" ɗin Bature bai taɓa yin gadin gida ba.

Masanin ma'ana ɗan Ingila, John Lyons, shi ya yayata sunan "hyponymy" ga wannan dangantaka a littattafansa na 1963 da 1968 da 1977, kuma yawanci daga nan malamanmu na jami'a suke faro mana darasin. Amma fa abin ba baƙo ba ne a Kano. Duk almajirin da ya zauna a zaure ya taɓa ilmin usulu ya san babin gamamme da keɓantacce, wanda Imamu Shafi'i ya yi bayaninsa a littafinsa na usulu fiye da shekara 1,200 da suka wuce. Wanda ya leƙa manɗiƙi kuma ya san jinsi da nau'i. Abin mamaki shi ne da wuya ka ji an haɗa ilmin nan biyu a aji ɗaya, sai ka ce ba abu guda suke nema ba.

To, yaya Ingilishi ya sami nasa iyayen kalmomin da ake yi mana gori da su? Amsa ita ce aro ya yi. Kalmomin da ke can sama, irin su "animal" da "vehicle" da "furniture" da "vegetable" da "instrument", duk daga Latin ko Faransanci suka shigo, yawancinsu bayan mutanen Normandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Kalmomin ƙasa kuwa, na yau da kullum, irin su "cow" da "sheep" da "bed" da "stool", su ne gadon gida. Kafin "animal" ta zo, kalmar da Turawan Ingila ke kiran kowane naman daji da ita ita ce "deer". Da baƙuwa ta zauna daram sai 'yar gida ta tsuke, ta koma sunan dangin barewa kaɗai. Haka "meat" a da tana nufin kowane irin abinci, yau sai nama. "Hound" a da kowane kare ne, yau sai karen farauta. Akwai kuma waɗanda suka yi tafiyar sama: "bird" a da ɗan tsako take nufi, yau ta rufe kowane tsuntsu. Ke nan matsayin kalma a wannan jeri ba dauwamamme ba ne, tana hawa tana sauka.

Mu ma hakan muka yi. "Dabba" da "launi" da "jinsi" da "nau'i" da "sana'a" duk Larabci ne, kuma ba wanda yake jin nauyinsu a baki yau. "Jirgi" a da na ruwa ne kawai, da zamani ya zo sai ya haifi na ƙasa da na sama. "Keke" ya tattara na hawa da na ɗinki da na rubutu. Shiga kowane kanti a Gyaɗi-Gyaɗi ka ce a ba ka omo ko magi ko makilin ko basilin, mai kanti zai tambaye ka wane iri, domin sunayen kayan kamfanonin nan sun daɗe da zama iyaye. Bature ma haka ya yi da "hoover" da "biro". Har ila yau akwai kalmar da take uwar kanta. A Ingila "corn" kowane irin ƙwayar abinci ce, a Amurka kuwa masara ce kawai. Haka "hatsi" a Kano ya haɗa gero da dawa, amma a Sakkwato da Maraɗi in an ce hatsi, gero ake nufi. "Ƙarfe" shi ne dukkan dangin tagulla da dalma da kuza, shi ne kuma wanda maƙeri ke yin fartanya da shi, sai in za a yi ruɗani mu ƙara masa "baƙi".

Inda gizo ke saƙar shi ne, harsunan biyu ba a wuri ɗaya suka aza iyayensu ba. Ɗauki aikatau. Bature yana da "break" guda ɗaya, da ita yake fasa tulu, ya karya sanda, ya tsinka igiya, ya ɓalle maɓalli, ya gutsura burodi. Bahaushe bai yarda da haka ba. Ka ce ka karya tulu ko ka fasa igiya, yara ma sai sun yi maka dariya. Bature yana da "wash", mu kuwa muna da wanka da wanki da wanke-wanke da ɗauraya da kuskurar baki. Yana da "carry", mu muna goya yaro, mu saɓa gatari, mu rataya jaka, mu tallabe jariri, mu cicciɓi buhu, mu kinkimi gungume. Yana da "wear", mu muna sa riga, mu ɗaura zane, mu naɗa rawani, mu yafa gyale, mu kafa hula. Yana da "harvest", mu muna girbin dawa, mu yi roron wake, mu cire gyaɗa. A duk waɗannan wurare Ingilishi ne ya tsaya a sama, Hausa ta sauko ƙasa.

Amma juya ta wancan gefen ka gani. "Miya" tamu guda ce, Bature ya raba ta zuwa "soup" da "stew" da "sauce" da "gravy". "Nama" ɗaya gare mu, sai mu jingina shi ga dabbarsa, shi kuwa yana da "beef" da "mutton" da "veal", su ma rancen Faransanci ne. "Kaka" ta ishe mu ga namiji da mace, shi sai ya bambanta. "Suruki" ya haɗa uban mata da mijin 'ya, shi yana da suna ga kowanne. "Sha" kuwa ba a magana, da ita muke shan ruwa da mangwaro da taba da iska da wahala. Kowane harshe yana da nasa giɓi. Tambayi ɗan sashen Ingilishi tilon "cattle", wato kalma ta yau da kullum mai nufin ɗaya daga cikin shanu ba tare da an ce sa ne ko saniya ba, ka ga yadda zai yi ta kame-kame. Mu ma ba mu da ita, amma mu ba mu yi wa kowa gori ba.

Saura batun "furniture" da 'yan'uwanta. Ba gaskiya ba ne a ce Hausa ba ta da hanyar yin gamammen suna. Tana da "kaya" da "abu", kuma da su take gina kayan ɗaki, kayan miya, kayan lambu, kayan marmari, kayan kiɗa, abin hawa, abin sha, har da shi kansa abinci. Sai dai a nan ne nake da ja da masu fassara, domin sun ɗauka waɗannan sun yi daidai wa daida da na Ingilishi. Ba su yi ba. Kayan ɗaki a wurin uwar amarya sun haɗa gado da katifa da kujeru, sun kuma haɗa labule da kwanuka da tangaran da duk abin jere, alhali "furniture" ba ta san kwano ba. Kayan miya sun haɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, har da daddawa da kuka, amma dankali ba ya ciki, ga shi kuwa "vegetable" ne a wurin Bature. Bature ya tara abubuwa bisa kamanninsu, Bahaushiya ta tara su bisa tukunyar da za su shiga. Wanda ya bi Titin Kotu ya ɓulla Titin Zariya yana karanta allunan shaguna zai ga "furniture" da "provisions" da "cosmetics" birjik, amma ya tsaya ya saurari ciniki a ƙofar shagon, zai ji da kalmomin Hausa ake yinsa, kuma iyakokinsu ba su ne na kan allon ba.

Wani zai ce ai wannan duk wasan 'yan jami'a ne. To, unguwarmu tana da wurare biyu da ke ƙaryata shi. Na farko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda kullum likitan da ya yi karatu da Ingilishi yake haɗuwa da majinyacin da ba ya jin sai Hausa. "Ciwo" uwa ce mai 'ya'ya da yawa, ta haɗa abin da Bature zai kira "pain" da "illness" da "wound". A ƙarƙashinta akwai zogi da raɗaɗi da suka da ƙuna da tsami. Ciki yana murɗawa, kai yana sarawa, ƙirji yana suka, gaɓoɓi suna tsami, miki yana zogi. Tsohuwar da ta ce ƙirjinta na suka ta faɗi abin da ya fi "ciwon ƙirji" bayani nesa ba kusa ba. In ɗanta ɗan boko da ya rako ta ya taƙaita wa likita da "chest pain", ya zubar da rabin abin da ta zo da shi tun daga ƙauye. Haka "zazzaɓi" alama ce kawai, cututtuka da dama ke kawo shi, amma da yawanmu mun tsuke shi ya koma na cizon sauro kaɗai, shi ya sa mutum zai tsaya a kemis ya ce a ba shi maganin zazzaɓi, bai san wanne ne yake damunsa ba.

Na biyu kotunan da suka ba Titin Kotu sunansa. Dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, ta bambanta "theft" da "extortion" da "robbery" da "brigandage", na ƙarshen nan sai masu laifin sun kai biyar, kuma kowanne da nasa hukunci. Hausa ma ba ta rasa nata rabe-rabe ba, akwai sata da sane da ƙwace da fashi da damfara da zamba da cin amana. Amma "sata" ita ce uwa, ita ce kuma ta fi saurin zuwa baki. Duk tafintan da ya tambayi wanda ake tuhuma ko ya yi sata, alhali abin da ke rubuce a takarda "robbery" ne, to ya sa mutum ya amsa abin da bai san nauyinsa ba. Haka abin yake a rabon gado. "Uncle" ta haɗa baffa da kawu, "aunt" ta haɗa gwaggo da inna. A mazhabar Malikiyya baffa yana iya cin gado, kawu kuwa ba ya cikin magada na asali. Takardar da ta ce "uncle" ba ta faɗi komai ba tukuna. Abin sha'awa, baffa da kawu da gwaggo ɗin ma daga Fulatanci muka aro su, wato a nan keɓaɓɓun kalmomi muka ranto, ba gamammu ba. Ko a zakka, littafin Risala ya ware gero daban, dawa daban, shinkafa daban, ba a haɗa su don cika nisabi, amma tumaki da awaki jinsi ɗaya ne. Mai wa'azin da ya ce "hatsi" ya wuce, ya bar manomi cikin duhu.

Yanzu ga ƙorafina na gaske. Hausar labarai ta rediyo da ta jaridun intanet, wadda yawancinta fassara ce daga Ingilishi cikin gaggawa, ta kamu da cutar hawa sama. Mai fassara ya ga "wear" sai ya ce "sanya", ko rawani ne ko zane. Ya ga "carry" sai "ɗauke da". Ya ga "destroy" sai "lalata", ko gida aka rushe, ko gona aka tattake, ko rumbu aka ƙone, ko gada aka karya. Ya ga "affect" sai "shafa", har ka ji ambaliya ta shafi mutane, ba ka sani ba ko ta jiƙa musu tabarma ne ko ta tafi da 'ya'yansu. Ya ga "issue" da "problem" da "challenge" sai "matsala" da "ƙalubale" su yi ta yawo a kowane layi. Ba na cewa waɗannan kalmomi ba Hausa ba ne. Abin da nake cewa shi ne uwa ta cinye 'ya'yanta. Na san uzurinsu, lokaci ƙanƙane ne, kuma gamammiyar kalma ba ta ƙarya, wanda ya ce dabba ba za a kama shi da laifin kiran akuya rago ba. Amma yaron da ya tashi yana jin wannan Hausa safe da yamma, da ita zai girma, kuma shi ne gobe zai zo jami'a ya gaya mana Hausa ba ta da kalmomi. Mu kanmu ɗalibai ba mu tsira ba. Duba kundayen digiri na farko ka ƙirga "gudanar da" a shafi guda: an gudanar da biki, an gudanar da salla, an gudanar da bincike, saura kaɗan a gudanar da tuwo.

Masu ƙamus fa? A nan dole in yaba kafin in kushe. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, duk da tsufansa, ya fahimci wannan al'amari fiye da yadda ake zato, domin a ƙarƙashin gamammiyar kalma yakan jero danginta, kamar yadda ya tara ɗimbin kalmomin girma a ƙarƙashin "ƙato". Ƙamus ɗin Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a 1990, shi ma yakan rarraba kalmar Ingilishi bisa wurin da ake amfani da ita, ba ya jefa maka kalma ɗaya ya tafi. Ƙananan ƙamusoshin kasuwa da manhajojin fassara na waya su ne masu ɗaura auren dole, kalma ɗaya da kalma ɗaya, kuma su ne a hannun ɗaliban sakandare. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 babban aiki ne, tun da Hausa ce take bayanin kanta a ciki. Sai dai shi ma, kamar kowane ƙamus mai bin jerin abacada, ya raba uwa da 'ya'yanta: akawal yana farkon littafi, doki yana gaba, goɗiya da gunya da ingarma da kili kowa yana nasa shafi. Irin wannan tsari yana taimakon wanda ya ji kalma yana neman ma'anarta. Mai fassara kuwa matsalarsa a juye take, ma'anar ce a kansa, kalmar ta ɓace masa.

Turawa sun daɗe da yi wa kansu maganin wannan. A 1852 wani likita, Peter Mark Roget, ya fitar da littafin da ya jera kalmomin Ingilishi bisa ma'ana, daga manyan rukunai shida zuwa kanu kusan 1,000, kuma har yau ana sake buga shi. A 1985 aka fara aikin WordNet a Jami'ar Princeton ta Amurka ƙarƙashin George Miller, inda aka saka sunayen Ingilishi a kwamfuta kowanne a ƙarƙashin uwarsa. Ina ganin wani ɓangare na kwarjinin da Ingilishi yake yi wa ɗalibanmu daga nan ya fito, dukiyarsa a jere take a kanta, tamu kuwa tana warwatse a bakin tsofaffi da masu sana'a. Amma ina gargaɗi, kada wani ya ɗauko jerin Roget ya ce zai cusa Hausa a ciki. In aka yi haka daddawa ba za ta sami wurin zama kusa da tattasai ba, "kunya" da "kara" da "kawaici" kuma za a rasa inda za a ajiye su.

Aikin ba ya buƙatar jiran farfesoshi. Mai awo a Kasuwar Tarauni zai raba maka dawa zuwa kaura da farafara, ya ware maka gero da maiwa da dauro, ya kuma bi da kai daga zangarniya zuwa dami, daga sussuka zuwa sheƙa da surfe, ya nuna maka bambancin ƙaiƙayi da dusa da tsaki. Tela zai gaya maka abin da ya raba gare da aska takwas da malum-malum, mai hula ya bambanta maka dara da damanga da zanna da haɓar kada. Shawarata ga wannan ƙungiya ita ce kowane memba ya ɗauki fage guda a hutun nan, ya zauna da masu abin, ya rubuta uwar kalma da 'ya'yanta da jimlar da ya ji kowacce a ciki, tare da garin da mai maganar ya fito, saboda irin abin da muka gani game da hatsi. In mujallar nan ta ware shafi biyu a kowace fitowa, za a riƙa buga su a hankali. Ni na ɗauki doki da kayansa, daga sirdi da likkafa zuwa linzami da ragama da ƙaimi. Fagen girki da na saƙa da na ƙira suna nan ba mai su tukuna.